Tarihin Etilbenzin, Kakan Bik Ɗin Ƴan Lakwal

Zancen nawa na yau zai yi nisa da gida, amma daga cikin aji ya taso.

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, ina tsakiyar darasin lissafi a aji biyar, sai na ji ƙas! daga bencin baya. Wani yaro ne da ya saba taunar bik ɗinsa ya fasa shi da haƙori. Na karɓi guntayen na ɗaga wa ƴan aji, da niyyar in yi masa faɗan dala ashirin ɗin mahaifinsa da ya watsar. Kafin in buɗe baki ya riga ni: "Mushe, wai da me ake yin bik?" Na ce da roba. Ya ce robar fa? Na ce daga man fetur ake samunta. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To mu da muke da mai a Agadem, ga matata a Damagaram, me ya hana mu yin bik?"

Na ce ya zauna, za mu dawo kan maganar. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ma'anar wannan amsa, yaran ma sun sani. Shi ya sa na kwashe hutun damina ina bin sawun tambayar, sawun kuma ya kai ni ga wani ruwa da ban taɓa jin sunansa a makarantar horar da malamai ba, wato etilbenzin. Gangar jikin bik, wadda ake hango tawada ta cikinta, da robar polisitiren ake yin ta. Polisitiren daga sitiren yake fitowa, sitiren kuma daga etilbenzin. Idan robar bik jika ce, to etilbenzin ne kakanta.

Abin da na tarar a tarihinsa shi ne bai taɓa samun mai saye don kansa ba. Yaƙi ne ya fara nemo masa kasuwa da kuɗin gwamnati. Da yaƙi ya ƙare aka ƙirƙiro masa wasu masu sayen, yau kuma masu sayen sun koma Asiya, shi ma ya bi su.

Mene ne etilbenzin

Ruwa ne garau, warinsa irin na fetur, yana kama wuta nan da nan, yana tafasa a zafin digiri 136. Abu biyu ake haɗawa a same shi. Na farko benzin, wani ruwa da ake tsamowa daga ɗanyen mai ko daga kwal, kuma kar a rikita shi da man mota da wasu ƙasashe ke kira da wannan suna. Na biyu etilen, wata iska da ake samu idan an fasa iskar gas ko wani sashe na mai da zafi mai tsanani.

Lissafinsa ɗan aji shida ma zai iya. A ma'aunin masana kimiyya nauyin ƙwayar benzin 78 ne, na etilen 28. Idan suka haɗu sun zama 106, wato etilbenzin. Ke nan a kowane tan ɗaya akwai kilo 736 na benzin da kilo 264 na etilen. Daga nan sai a tura shi cikin tururi mai zafin da ya haura digiri 600, a cire masa ƙwayar haidirojin biyu, ya koma 104. Wannan shi ne sitiren.

Fiye da kashi 99 cikin ɗari na etilbenzin da ake yi a duniya sitiren yake komawa. Yawanci ma ba ya ƙetare katangar masana'anta: bututu ke ɗauke shi daga inda aka haɗa shi zuwa inda za a cire masa haidirojin. Duk da wannan ɓuya tasa, shi kaɗai yake lanƙwame kusan rabin benzin da duniya ke samarwa, kuma a shekarar 1999 an yi kusan tan miliyan 25 nasa. Wanda yake son sanin ko kasuwarsa na ci, sai ya duba cinikin taya, firiji, kwanon kumfa na zuba abinci da gina gidaje a ƙasashen sanyi.

Daga turare aka faro

Sunan benzin daga kayan ƙamshi ya samo asali. Larabawa na kiran wani ƙaro da ake kawowa daga tsibiran Indonesiya luban jawi, wato lubban na Jawa. Turawa suka ji sunan a bakin fatake, suka lanƙwasa shi ya koma benzoyin. A 1833 wani Bajamushe, Eilhard Mitscherlich, ya gasa sinadarin da ake tsamowa daga wannan ƙaro tare da farar ƙasa, ya sami wani ruwa ya raɗa masa suna benzin. Ashe tun 1825 Michael Faraday ya tsamo wannan ruwan a Landan daga tukar iskar da ake kunna fitilu da ita.

Sitiren ma daga ƙaro aka fara ganinsa. A 1839 wani mai haɗa magunguna a Berlin, Eduard Simon, ya tace wani mai daga ƙaron da ake kira storax, ya ajiye. Bayan ƴan kwanaki ya tarar man ya daskare. Ya zaci iska ce ta ɓata shi. A 1845 John Blyth da August Wilhelm von Hofmann suka nuna cewa ko babu iska yana daskarewa. Sai a 1920 Hermann Staudinger ya fito ya ce ƙananan ƙwayoyi ne ke kama hannun juna su zama doguwar sarƙa. Abokan aikinsa da yawa suka yi masa dariya, amma a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan magana.

Hanyar liƙa etilen a jikin benzin kuwa ta samo tushe ne a Paris a 1877, daga aikin Charles Friedel, Bafaranshe, da James Crafts, Ba'amurke. Sun gano cewa wani gishirin alminiyom yana aikin dillali: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a ƙulla ciniki, shi kuma ya koma ya jira na gaba. Irin wannan dillali shi ne jigon duk masana'antar.

A lura da shekarun nan. Tun kafin 1880 an san benzin, an san sitiren, an san dillalin. Amma aka yi shekara hamsin babu wanda ya gina masana'anta, don babu mai saye.

Jamus da yunwar roba

A Yaƙin Duniya na Ɗaya jiragen ruwan Ingila sun tare wa Jamus teku, robar bishiya ta daina isa gare ta, motocin sojanta suka rasa taya. Jamusawa ba su manta da wannan ba. A 1925 manyan kamfanonin sinadarai na ƙasar suka haɗe suka zama IG Farben. A masana'antarsa ta Ludwigshafen, Herman Mark da Carl Wulff suka tsara hanyar cire haidirojin daga etilbenzin da yawa kuma da araha, wajen 1930 aka fara yin polisitiren na sayarwa. Mahaifin Mark Bayahude ne. Da ya ga inda siyasar Jamus ta dosa, sai ya koma Viyana a 1932, daga baya ya tsere har Amurka da iliminsa.

A 1929 kuma, wasu ma'aikatan kamfanin biyu, Walter Bock da Eduard Tschunkur, suka haɗa sitiren da wata iska mai suna butadiyen, suka sami robar da za ta yi taya. Aka kira ta Buna-S, harafin S na nufin sitiren. Matsalarta ɗaya ce, ta fi robar bishiya tsada, don haka ɗan kasuwa mai neman riba ba zai kalle ta ba. Gwamnatin Hitler ce ta kalle ta. A shirinta na shekara huɗu da ta ƙaddamar a 1936 don shirya wa yaƙi, ta lamunce wa kamfanin farashi da mai saye, ta ɗora haraji a kan robar bishiya da ake shigowa da ita. Masana'antar Schkopau ta fara aiki a 1937, ta Hüls ta biyo baya. Daga kwal Jamus ke samun benzin a lokacin, don ba ta da rijiyoyin mai na kirki.

Akwai wani shafi na wannan tarihi da bai kamata a tsallake ba. A 1941 IG Farben ya fara gina wata masana'antar Buna a Monowitz, kusa da sansanin Auschwitz a ƙasar Polan, da ƙwadagon fursunoni. Dubbai sun mutu da yunwa, duka da aikin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, waɗanda suka gaza kuma aka tura su Birkenau aka kashe. Cikin waɗanda suka tsira akwai Primo Levi, masanin sinadarai ɗan Italiya, wanda ya rubuta abin da ya gani. Har sojojin Rasha suka iso a Janairun 1945, masana'antar ba ta fitar da robar da aka gina ta dominta ba. An gurfanar da shugabannin kamfanin a Nuremberg a 1947 zuwa 1948, aka sami 13 da laifi, daga baya aka wargaza shi, BASF da Bayer da Hoechst suka fito daga cikinsa.

Amurka ta gina kasuwa cikin shekara uku

Kamfanin Dow ya fara yin sitiren da polisitiren a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, amma kaɗan. Amurkawa suna sayen robar bishiya daga kudu maso gabashin Asiya hankalinsu kwance. Sai Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamban 1941, Singapo ta faɗi a Fabrairun 1942, gonakin roba na Malaya da Indonesiya suka koma hannunta. Kusan kashi 90 cikin ɗari na robar da Amurka ke samu ya yanke. Jirgin sama, tankar yaƙi, motar ɗaukar soja, babu wanda zai motsa ba roba.

Gwamnati ta taƙaita gudun mota zuwa mil 35 a awa, wajen kilomita 56, ta sa rabon fetur, duk don tayoyi su daɗe. A Satumban 1942 kwamitin da Bernard Baruch ya jagoranta ya gaya wa shugaba Roosevelt cewa idan ba a sami roba da gaggawa ba, yaƙin da tattalin arziki duk za su durƙushe. Kamfanonin da ke gaba da juna, irin su Goodyear, Firestone, Goodrich da Standard Oil, suka zuba sirrinsu a faifai ɗaya. Gwamnati ta biya kuɗin gina masana'antu 51, ta ba kamfanoni su gudanar, ita kuma ta saye abin da suka fitar. Robar da suka yi, mai suna GR-S, kusan kashi uku butadiyen ce, kashi ɗaya sitiren, wato ƙanwar Buna-S ta abokan gaba.

A duk shekarar 1941 tan 231 kacal Amurka ta yi na irin wannan roba. A 1945 tana yin tan 70,000 a wata. Mu yi lissafi: rubu'in 70,000 shi ne 17,500 na sitiren, wanda ke buƙatar kusan tan 18,000 na etilbenzin kowane wata. Dow, Monsanto da Koppers ne suka ɗauki mafi yawan wannan nauyi. A nan ne etilbenzin ya tashi daga kwalbar gwaji ya koma abin da ake aunawa da tan dubbai.

Yaƙi ya ƙare, masana'antu suna tsaye

Bayan 1945 robar bishiya ta dawo kasuwa, sojoji suka rage saye, ga tankuna cike da sitiren mai araha. Mai kaya ne ya fita neman mai saye. Aka shiga yin mataji, kayan wasan yara, jikin rediyo, cokula da kofuna da polisitiren. Da yake yana da saurin fashewa, kamar yadda ɗalibina ya tabbatar da haƙorinsa, sai aka riƙa gauraya shi da ƴar roba don ya yi ƙwari, irin wanda ake shafe cikin firiji da shi. Aka kuma fito da ABS, wata roba mai tauri da sitiren a ciki, wadda ake yin ɓawon hular kwano da jikin na'urori da ita. Kamfanin Lego ya koma kanta a 1963.

Sai kuma kumfa. Ray McIntire na kamfanin Dow ya hura iska cikin polisitiren a farkon shekarun 1940, aka sami Styrofoam. A BASF, Fritz Stastny ya fito da ƴan ƙwayoyin da ke kumbura idan tururi ya taɓa su, aka nuna wa duniya su a 1952 da sunan Styropor. Ita ce farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin talabijin, kuma kashi 98 cikin ɗari nata iska ce.

A Disamban 1950 Marcel Bich ya fitar da Bic Cristal daga masana'antarsa ta Clichy a gefen Paris. A 1965 hukumar ilimin Faransa ta yarda ƴan makaranta su yi rubutu da shi maimakon alƙalami da kwalbar tawada. An sayar da fiye da miliyar 100 nasa, har sunan kamfanin ya zama sunan abin a bakinmu. A 1955 gwamnatin Amurka ta sayar wa ƴan kasuwa masana'antun robarta, bayan ta riga ta ɗauki asarar farko ta kuma raini kasuwar.

Wannan bunƙasa ta zo da nata makoki. Ranar 16 ga Afrilu 1947, wani jirgin ruwan Faransa mai suna Grandcamp, ɗauke da takin zamani, ya kama wuta ya fashe a tashar Texas City. Aƙalla mutum 581 suka mutu. Masana'antar sitiren ta Monsanto da ke gefen tashar ta ƙone ƙurmus, da ma'aikatanta 145. Aka sake gina ta, don kasuwa na jira.

Yadda aka sake girkin

Abu biyu suka sauya a cikin masana'antar bayan yaƙi. Na farko, tushen benzin ya tashi daga kwal ya koma ɗanyen mai. A 1949 Vladimir Haensel na kamfanin UOP ya fito da hanyar amfani da ƙarfen falatinom wajen gyara fetur, wadda ke ba da benzin mai yawa. Injinan fasa gas su kuma suka riƙa ba da etilen. Shi ya sa masana'antun etilbenzin suka taru inda matatu da tashoshin ruwa suke: gaɓar Texas da Luwiziyana, bakin tekun Holan da Beljiyam, Japan, Koriya ta Kudu, daga baya Jubail a Saudiyya.

Na biyu, an sake dillali. Gishirin alminiyom na Friedel da Crafts yana cin ƙarfe, yana kuma barin gurɓataccen ruwa mai yawa. Masu bincike na kamfanin Mobil suka ƙera wani dutse mai ƙananan ƙofofi kamar rariya, ZSM-5, wanda ƙwayar benzin ke shiga ta haɗu da etilen ta fito. A 1980 aka fara aiki da shi a wata babbar masana'anta a Texas, da hanyar da ake kira Mobil-Badger. A shekarun 1990 aka sami irin waɗannan duwatsu da ke aiki a zafi kaɗan, kuma yau yawancin sababbin masana'antu da su suke aiki.

Akwai wata hanya ta biyu ta juya etilbenzin, inda ake sa masa iskar oksijin a sami sitiren tare da wani sinadari da ake yin katifar soso da shi. Masu wannan hanya sau da yawa sinadarin katifar suke nema, sitiren kuma ya fito ko kasuwa na so ko ba ta so, ya karya farashi. A irin wannan masana'anta ce, ta kamfanin Shell a Moerdijk ta ƙasar Holan, aka yi fashewa ranar 3 ga Yuni 2014, lokacin da etilbenzin mai zafi ya kama da sabon dillalin da aka zuba a tukunya.

Shi kuwa halin da Simon ya gani a 1839 bai bar sitiren ba. Idan aka ajiye shi, yana kama hannun kansa yana fitar da zafi, zafin kuma ya ƙara masa gudu. Dole a sa masa maganin hanawa, a kuma sanyaya tankin. A Visakhapatnam ta Indiya, lokacin kullen korona, sitiren ya daɗe a wani tanki na masana'antar LG Polymers. Da tsakar daren 7 ga Mayu 2020 tururinsa ya fita ya rufe unguwannin da ke kewaye. Fiye da mutum goma suka mutu, ɗaruruwa suka kwanta asibiti.

Kasuwa ta koma gabas

Daga shekarun 1990 ƙasar Sin ta zama masana'antar duniya ta firiji, talabijin, kayan wasa da tayoyi, ta kuma zama wadda ta fi kowa shigo da sitiren. Koriya ta Kudu, Taiwan, Saudiyya da Amurka suka yi shekaru suna ci daga wannan ciniki. A 2018 Sin ta ɗora haraji a kan sitiren ɗin Koriya ta Kudu, Taiwan da Amurka, tana zarginsu da karya farashi. A 2020 manyan masana'antunta suka fara aiki: Zhejiang Petrochemical a tsibirin Zhoushan mai tan miliyan 1.2 a shekara, da Hengli a Dalian mai tan 720,000. Dukansu a cikin katanga ɗaya suke da matatar mai, injin fasa gas da masu sayen kayan. Dabarar Jamus ta 1936 da ta Amurka ta 1942 ce aka maimaita: gwamnati ta kare kasuwar gida har masana'anta ta tsaya da ƙafarta.

Yau duniya na cinye fiye da tan miliyan 30 na sitiren a shekara, amma abin da masana'antu ke iya fitarwa ya fi haka, riba ta yi ƙasa. Turai ce ta fi jin jiki. Cire haidirojin daga etilbenzin na cin tururi mai yawa, tururi kuma da gas ake dafa shi, gas ɗin ya yi tsada bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022. Kamfanin Trinseo ya rufe masana'antarsa ta sitiren a Böhlen ta Jamus, ya kuma rufe ta Terneuzen a Holan a 2023. Amurka ta tsira ne saboda arahar gas ɗinta.

Ta ɓangaren masu saye ma an fara juya baya ga wani sashe na kayan. Tun 1990 McDonald's ya daina zuba abinci a kwanon kumfa. Tarayyar Turai ta hana kwanoni da kofunan kumfa daga Yulin 2021, jihar Legas ta hana su a Janairun 2024. Dalili a fili yake ga duk wanda ya leƙa kwata bayan biki: kumfa ba ta ruɓewa, kuma da yake iska ce zalla, mai tara ta don sake narkawa zai cika mota bai sami kilo na kirki ba. Abin da ke riƙe da kasuwar yanzu shi ne kumfar tare sanyi a bangon gidaje, kayan lantarki, sassan mota da taya.

Mu a nan, muna haɗuwa da etilbenzin ido da ido a cikin fetur, inda yake tare da benzin. Hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar benzin na haddasa sankarar jini, a 2000 kuma ta sa etilbenzin cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa sankara. Ƴan ruwa-ruwa da ke wuni cikin warin kwalabe, wasu har suna zuƙo mai da baki ta tiyo, su ne ya fi kamata wannan magana ta kai ga kunnensu.

Amsar da na kai wa yaron

Da aka koma lakwal a Oktoba, ya shigo aji shida, bai kuma manta ba. Maimakon jawabi sai na rubuta musu lissafi a allo. Matatar Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, tana tace ganga 20,000 a rana, kusan tan miliyan ɗaya a shekara, tana ba mu fetur, gazwal da gas na girki. Masana'antar Zhoushan tana yin sitiren tan 1,200,000. Idan kowane 104 na sitiren na buƙatar 78 na benzin, benzin nawa take ci? Shi ya fito allo. Ya ninka, ya raba, ya rubuta 900,000. Na ce to ka gani, benzin da masana'anta ɗaya ke ci ya kusa kai duk ɗanyen man da matatarmu ke tacewa, alhali benzin ɗan kaɗan ne a cikin ganga. Ga kuma etilen fiye da tan 300,000 da ba mu lissafa ba.

Na gaya musu mallakar rijiya ba ta taɓa isar kowa a wannan sana'a ba. Jamus ta fara ta da kwal, Japan da Koriya ta Kudu sun yi fice a cikinta da man saye. Abin da kowace ƙasa ta fara tanada shi ne mai saye na tabbas da mutanen da suka san aikin. Ɗanyen manmu da ke bin bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin tun 2024, wasu ne ke fasa shi su tsamo irin waɗannan sinadarai, mu kuma mu sayi jikokinsu a kanti.

Matakin da hannunmu zai kai a yau shi ne na ƙasa: a sayo ƙwayoyin roba a buhu, a narka, a zuba a mazubi. Haka masana'antun Kano ke yin bokitai da kujerun da ke cika kasuwar Maraɗi. Na sama kuwa, ƙasa ɗaya mai yawan jama'a irin namu ba za ta ɗauke shi ita kaɗai ba, sai an haɗa kasuwar yanki guda. Kuma duk wanda zai yi mana alkawarin masana'antar sinadarai, mu tambaye shi abu uku: wa zai sayi kayan, ƴaƴan wa za su gudanar da injinan, su wa za su kwana a bayan katangar. Mutanen Visakhapatnam ba a tambaye su ba.

Yaron ya daɗe yana kallon 900,000 ɗin da ya rubuta, sannan ya ce, "Mushe, a wane aji ake fara koyon wannan?" Na ce a kolej, idan ya ci jarrabawa. Ban gaya masa cewa kolejin da ni na yi ba ta da ɗakin gwaji ba, a allo muka ga duk sinadaran da muka haddace. Wannan tambaya ce ta mu manya. Na ba shi sabon bik daga aljihuna, kafin a tashi ya fara taunar murfin.